Wai me ake nufi da an yi wa mota "lif"?

Kwanaki wani ƙanena ya turo min hoton wata Hilux da ya gani, ta yi tsayi kamar raƙumi, tayoyi manya manya, ya ce yaya wai lif aka yi mata, shi kuma lif ɗin da ya sani shi ne a rage wa mutum hanya. To ba wannan ba ne. A bakin masu harkar mota lif na nufin a ɗaga motar ta ƙara nisa da ƙasa, kayan da ake saye a yi aikin kuma su ne lif kit. Amma fa kalma ɗaya ce ta rufe aiki kala uku, kuma a nan ake cin kuɗin mutane.

Na farko shi ne a ɗaga bodi kawai. A-kori-kura irin Hilux bodinta a zaune yake a kan shasi, sai a kwance notika a cusa wasu toshe a tsakani a ɗaure da dogaye. Mota ta yi tsayi a ido, taya ta samu wuri, amma shasi da duk abin da ke ƙarƙashi suna nan inda suke. Na biyu a sa sifesa, wani zobe na ƙarfe ko roba mai tauri a saman shokozoba na gaba, shi ne mafi arha. Na uku shi ne aikin gaske, a taɓa ƙafar motar kanta, a canza sifirin da shokozoba a sa masu tsayi da ƙarfi, irin su Old Man Emu na kamfanin ARB na Ostireliya ko Bilstein na Jamus. Yawanci inci 2 ake ɗagawa, wajen santimita 5 kenan, wanda ya wuce haka to ya shiga wani lissafin.

Kafin ka gane dalilin inci 2 ɗin nan sai ka leƙa ƙarƙashin motar ka ga irin ƙafar gaban da take da ita, dan iri biyu ne. Akwai sandar aksul guda ɗaya miƙaƙƙiya da ta haɗa tayar dama da ta hagu, dif, wato haƙoran da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji, yana cikin ƙullutun da ke jikinta, ita ce turawa ke kira solid aksul. In taya ɗaya ta hau dutse sai sandar ta karkata ta danna ɗayar ƙasa, duk biyun suna riƙe da ƙasa. Akwai kuma wadda kowace taya ke cin gashin kanta da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa, dif a ɗaure yake a jikin shasi, wasu gajerun shaf ne masu gaɓa ke kai wa tayoyi ƙarfi, ita ce IFS. Ta fi daɗin tuƙi a kwalta nesa ba kusa ba, shi ya sa kusan duk ƙananan a-kori-kura na yanzu ita ce da su.

Hilux ta fito a 1968, mai fowil, wato mai ja da taya huɗu, ta zo a 1979 da sandar aksul a gaba. A Amurka Toyota ta koma IFS tun 1986, shi ya sa har yau masu hawan dutse a can suke rububin ta 1985, a wasu ƙasashen kuma mai sanda ta ci gaba da fitowa har 1997. Land Cruiser 79 kuwa, wadda ake ji da ita a hamada, har gobe sanda ce a gabanta, sai dai tun 1999 sifirin ɗin gaba mai murɗi ne, na baya kuma mai faifai.

To ga inda nake so a tsaya. A mota mai IFS in ka ɗaga ta, dif ya tashi tare da shasi amma tayoyi suna ƙasa, sai gajerun shaf ɗin nan su tsaya a karkace maimakon a kwance. Suna juyawa a haka kullum, robar da ta rufe gaɓar sai ninkinta ya dinga gogar juna har ta tsage, giris ya watse, yashi ya shiga, kwana kaɗan ka fara jin ƙas ƙas ƙas in ka sha kwana. Na taɓa raka wani abokina gareji da tasa, an sa masa sifesa mai kauri dan mota ta yi kwarjini, da makaniki ya cire taya wallahi cikin rim ɗin duk baƙin giris ne ya fantsama zagaye, bol joyin na sama kuma ya kai ƙarshen lanƙwasarsa, da hannu ake girgiza shi. Makanikin ya dube shi ya ce Alhaji motar nan a kan ɗage take tafiya, mutum ma in ya wuni a ɗage ai agararsa ta gaya masa. Wanda ya san aiki in ya ɗaga sai ya canza hannun sama, wani lokaci ya ɗan sauke dif ɗin, sannan dole a sake alaimen, in ba haka ba taya ta cinye gefe ɗaya.

A mai sanda kuma abin dariyar shi ne ko inci 6 ka ɗaga ta, ƙullutun dif bai motsa ba ko kaɗan, dan shi a tsakiyar taya yake zaune. Abu ɗaya ne ke nisanta shi da ƙasa, babbar taya, ita ma rabin ƙarin kake samu, ka tashi daga inci 31 zuwa 33 inci 1 kacal ka ci. Wato lif ɗin wuri yake buɗe wa taya, tayar ce ke aikin. Ita ma ba kyauta take zuwa ba, mota za ta yi nauyin tashi, ta ƙara shan mai, birki ya ƙara wahala, agogon gudu ya dinga nuna ƙasa da gudun da kake yi da kusan kashi 6 cikin 100. Shi ya sa masu zurfafawa suke canza haƙoran dif su sa waɗanda suka dace da babbar taya, kuma gaba da baya tare ake canzawa, in suka saɓa to ranar da ka sa fowil ranar za ka ji a jikin aljihunka.

Akwai kuma masu yanke IFS ɗin gaba ɗaya su walda sanda a wurinta, SAS suke ce masa, suna ɗauko aksul na tsohuwar Toyota ko Dana 44 ko Dana 60 irin na manyan Ford. Wannan kam al'adar Amurka ce, ta masu rarrafe da mota a kan duwatsun Moab a jihar Utah da hanyar Rubicon a Kalifoniya, inda ake tafiya a hankali kamar hawainiya. Aikin yanka da walda ne da sake tsarin sitiyari, in aka kuskure kusurwa kaɗan sai gaban mota ya dinga kakkarwa a kan gudu har sitiyari ya nemi ƙwacewa.

Mu a nan abin da ke cin mota daban ne, lodi ne da yashi da ramuka da laka in damina ta zauna. Dubi masu bin hanyar Agadas zuwa Dirku, Hilux ce dai da lodi har ya fi ƙarfinta, abin da suka fi damuwa da shi ƙarin faifan sifirin a baya da shokozoba mai jure zafi, in sun shiga rairayi su rage iskar taya dan ta baje. Tsayi da yawa ma a wurinsu matsala ne, mota mai lodi a sama in ta ƙara tashi, a gefen tudun yashi saurin kifewa take.

Ƙanen nawa da na gama yi masa wannan bayanin sai ya sake duba hoton ya ce ai kuwa yaya akwai rata tsakanin bamba da bodi, har ana hango shasi. Na ce to wannan bodi kawai aka ɗaga.