Maƙwallato: zauren da ke bayan zakaran wuya

Ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka, ka haɗiyi yawu. Abin nan da ya yi sama ya dawo, shi ne maƙwallato. Da yawanmu a ajin Hausa muka fara jin kalmar, ranar da malami ya zana gaɓoɓin furuci a allo ya iso kan "tantanin maƙwallato". A gida kuwa komai maƙogwaro ne. Loma ta bi ta maƙogwaro, numfashi ya bi ta maƙogwaro, wanda haɗiya ke yi wa zafi ma ciwon maƙogwaro yake yi. Alhali hanyoyi biyu ne a wuyan mutum: ta baya ita ke kai abinci ciki, ta gaba ita ke kai iska huhu. Maƙwallato yana bakin hanyar iskar, kamar yadda zaure yake a ƙofar gida.

Ginin guringuntsi ne, guda tara, waɗanda nama da jijiyoyi suka ɗaure. Mafi girmansu ya yi kama da garkuwa, tsininsa na gaba shi muke kira zakaran wuya. A ƙarƙashinsa akwai wani mai siffar zobe, daga sama kuma wani mai kamar ganye, wanda yake zaman marfi. A ciki aka shimfiɗa tantani biyu daga gaba zuwa baya. Ta gaba a haɗe suke, ta baya suke buɗewa su rufe.

Duk wanda aka tambaya amfanin wannan gaɓa, murya zai fara ambata. Ni kuwa ina ganin gadi ne aikinta na asali. Duk lomar da ka haɗiya sai ta gifta ta bakin hanyar huhu. A wannan ɗan lokacin maƙwallato zai ɗaga sama, tantanin biyu su rufe, marfin ya kife a kansu, numfashi ya dakata har lomar ta wuce. Idan aka samu saɓani, mutum ya yi dariya da ruwa a baki, sai ya ƙware. Tarin da ke biyo baya ma aikinsa ne: tantanin su rufe gam, iska ta taru a ƙirji, su buɗe lokaci guda ta fito da ƙarfi ta watso da abin da ya shiga. Iyayen da ke hana surutu a kan akushi ba ladabi kaɗai suke koyarwa ba. Hatsarin ya fi yawa ga ƙananan yara, domin hanyarsu ƙunci gare ta, ƙwayar gyaɗa ɗaya tana iya toshe ta. Shi ya sa likitoci ke hana ba yaro ƙarami gyaɗar da ba a niƙa ba. Haka nan ɗan dako da zai cicciɓi buhu, da mace mai naƙuda, duk sai sun rufe wannan ƙofa kafin nishi ya yi ƙarfi.

Murya tana samuwa ne idan tantanin sun matso da juna, iskar huhu ta ratsa tsakaninsu tana kaɗa su. A maganar yau da kullum na namiji baligi kan kaɗu sau ɗari da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya, na mace wajen sau 200. Bambancin daga tsawo da kauri ne. Na namiji yakan kai milimita 17 zuwa 25, na mace bai kai haka ba. Lokacin balaga maƙwallaton yaro namiji yake girma da sauri, zakaran wuya ya fito, murya ta buɗe, kafin ta zauna kuma ta yi ta karyewa ana yi masa tsiya.

Bahaushe yana ba wannan gaɓa aikin da masu wasu harsunan ba sa ba ta. Dafa wuyanka ka ja sautin "sss", sannan ka ja "zzz". A na biyun za ka ji wuyan yana rawa. Wannan rawar ita ce ziza, ita ta raba baƙaƙe zuwa masu ziza da marasa ziza. Hamzar da ke tsakiyar "sa'a" rufewar tantanin ce baki ɗaya, na ɗan lokaci. Wajen furta ƙ da ts, maƙwallato rufewa yake yi ya yi sama ya ingiza iskar da ke baki, don haka masana ke kiransu tunkuɗau. Wajen ɓ da ɗ ƙasa yake yi, su ne haɗiyau. Wannan ɗan motsi ne ya raba "baki" da "baƙi", kuma shi ke tona asirin mai koyon Hausa ko da ya haddace ƙamus. Karin sauti ma daga nan yake: a ɗaure tantanin murya ta hau, a sassauta ta sauka. Da haka kunne ke rarrabe kukan jariri da kukar miya, ko da yake rubutunsu ɗaya.

Abin da aka fi sani na ciwonsa shi ne dishewar murya. Mura kan kumbura tantanin, su kasa haɗuwa sosai. Ƙurar hunturu da hayaƙin itace suna ƙara tsananta abin, haka ruwan ciki mai tsami da ke tasowa ga masu ƙwannafi. Masu ci da murya su suka fi shan wahala: ladan, malamin firamare mai aji cike da yara, ɗan kamasho a tasha, sanƙira, alaramman da ke jan baƙi wata guda cur da azumi. Yawan ɗaga murya kan fitar da 'yan ƙulle-ƙulle a gefen tantanin, kamar kanta a hannun manomi. Maganin farko hutu ne da shan ruwa. Raɗa ba hutu ba ce, tana iya gajiyar da tantanin, gara a yi magana kaɗan a hankali. Cire beli kuma ba ya gyara murya, domin beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, nesa da inda murya ke fitowa.

Akwai wanda ba ya jira. Mashaƙo, wadda ta ɓarke a Najeriya daga ƙarshen 2022 ta fi tsanani a Kano, takan shimfiɗa wata fata mai ruwan toka a maƙogwaro, wadda kan gangara ta toshe maƙwallato. Yaron da numfashinsa ke fita da ƙara idan ya ja iska, wuya ya kumbura, asibiti za a nufa da shi nan take. Rigakafinta yana cikin allurar da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14.

Akwai kuma mai zuwa a ɓoye. Muryar da ta dishe ta wuce sati uku ba ta dawo ba ta fita daga lissafin mura, musamman ga mai shan taba ko barasa, domin haka ciwon dajin maƙwallato yake yawan farawa, ba zafi ba zazzaɓi. Idan an gano shi da wuri ana warkewa, murya ma ta tsira. Idan ya yi nisa, wani lokaci sai an cire maƙwallaton gaba ɗaya, mutum ya koma numfashi ta wata kafa da aka buɗe a gaban wuya. Likita Theodor Billroth ne ya fara yin wannan aiki saboda ciwon daji, a birnin Biyana na ƙasar Austriya a 1873.

Duba wurin ba wuya. A 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, ya sa ƙaramin madubi a can cikin bakinsa, ya haska da hasken rana ta wani madubin, ya ga tantaninsa suna motsi. Har yau likitan kunne da hanci da maƙogwaro yana amfani da irin wannan madubi, ko ya zura siririyar kyamara ta hanci, ya ce ka ja "iii", cikin 'yan mintuna ya ga abin da ke ciki.