HLA-B27 da Ciwon Sandarewar Ƙashin Baya: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne HLA-B27?

Nau'i ne na ƙwayar gado mai suna HLA-B, wadda take kan kiromosom na 6 (kiromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) a jikin ɗan Adam. Furotin ɗin da take samarwa yana zaune a kan fatar kusan kowace irin ƙwayar halitta, kuma aikinsa shi ne ɗauko gutsattsarin furotin daga ciki ya nuna wa sojojin garkuwar jiki, domin su gane ko wata ƙwayar cuta ta kutsa.

To, ina haɗinsa da ciwo?

A shekarar 1973 masu bincike a Landan da Los Anjalis, kowane rukuni da kansa, suka gano cewa galibin masu ciwon da likitoci ke kira ankilosin sifondilaitis suna ɗauke da shi; a tsakanin Turawa, kusan tara cikin goma na majinyata ne. A wannan ciwo garkuwar jiki ce take haddasa kumburi a gaɓoɓin ƙugu da ƙashin baya, har ƙasusuwan su iya mannewa da juna bayan shekaru. Yakan fara tun mutum yana matashi: ya tashi da asuba bayansa a sandare fiye da rabin sa'a, sai ya motsa jiki ya ji sauƙi, kwanciya kuwa ta ƙara masa zafi. Wasu ma ido ne yakan yi ja, yana ciwo, yana gudun haske.

Duk mai ɗauke da shi zai kamu?

A'a, kuma wannan ne ya fi cancantar a fahimta. Kusan kashi 8 cikin 100 na Turawa suna da shi, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke kamuwa. Wani bincike da aka wallafa a 1997 ya sami HLA-B27 a jikin kusan kashi 6 cikin 100 na Fulanin Gambiya, amma da aka duba mutane fiye da dubu ba a ga mai ciwon ko ɗaya ba. Ashe wannan ƙwayar gado kaɗai ba ta isa ba.

Gwajin jini na HLA-B27 yana tabbatar da ciwon?

Ba shi kaɗai ba. Likita yana haɗa shi da alamomi da hoton ƙugu, kuma rashin wannan ƙwayar gado ba ya kore ciwon. Abin da ke damuna shi ne matashin da zai shafe shekaru yana shan maganin ciwon baya alhali kumburi ne, domin motsa jiki da magungunan rage kumburi sun fi amfani idan an fara su da wuri.