Abincin matasa 'yan wasa a unguwannin zango na Accra

Abincin matashi ɗan wasa ya bambanta da na babba, domin jikinsa na biyan buƙatu biyu a lokaci guda: girma da motsa jiki. A Nima, Maamobi da Sabon Zango, batun ya shafi ɗimbin yaran da ke taka leda a ƙananan ƙungiyoyin da ake kira Colts. Daga nan fitaccen ɗan ƙwallon Ghana Mohammed Kudus ya taso. Ya fara da Strong Tower ta Nima kafin makarantar horar da ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi yana ɗan shekara 12. Sai dai yawancin yaran ba su da wata makaranta mai tsara musu cima. Tukunyar gida da kwanon mai waakye (shinkafa da wake) su ne madogararsu.

Abin da jiki ke nema

Ƙarfin gudu daga hatsi, doya da rogo yake fitowa: koko, tuwon zafi, dokunu (tuwon masara mai tsami), shinkafa. Furotin kuwa shi ke gina tsoka, kuma ana ba 'yan wasa shawarar giram 1.2 zuwa 2 a rana ga kowane kilo na nauyinsu. Yaro mai kilo 50 zai nemi giram 60 zuwa 100 ke nan. Ƙosai da safe, waakye da ƙwai da kifi da rana, miyar gyaɗa da nama da dare, sun isa su kai shi. Ga mai irin wannan cima, garin furotin na gwangwani asarar kuɗi ne.

Inda aka fi samun giɓi shi ne kalsiyam da sinadarin ƙarfe. Daga shekara 9 zuwa 18 ƙashi na buƙatar miligiram 1,300 na kalsiyam kullum, kuma ana samunsa a nono, wagashi (cuku), burkina (nono da gero) da ƙananan kifin da ake tauna har ƙayarsu. Na ƙarfe, tsakanin shekara 14 da 18, namiji na buƙatar miligiram 11, mace 15 saboda jinin al'ada. Hanta, nama, wake da ganyen kontomire (ganyen gwaza) ne tushensa. Lemun zaƙi na taimaka wa hanji ya tsotse shi, shayi a kan abinci kuma yana rage hakan, abin lura ne a unguwannin da ake hira a kan butar ataya. Yarinyar da al'adarta ta ɗauke bayan ta tsananta atisaye, sau da yawa abincinta ne bai kai aikinta ba. A kai ta asibiti.

Lokaci da ruwa

Babban abinci ana cinsa awa 3 zuwa 4 kafin wasa. Idan lokaci ya ƙure, ayaba ko burodi sun wadatar. Asarar ruwan da ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki tana rage kuzari, kuma a zafin Fabrairu da Maris ba ta da wuyar aukuwa. Ledar ruwa ɗaya rabin lita ce. Fitsari mai duhu alamar ƙarancin ruwa ne. Lemukan ƙara kuzari masu kafeyin kuwa, tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ba su dace da yara da matasa ba.

A watan azumi ya fi dacewa koci ya mayar da atisaye mai nauyi bayan buɗa-baki, yara su jinkirta sahur, su rarraba shan ruwa tsakanin magariba da asuba.