Waiwaye: Addinin Buda da batun luwaɗi da maɗigo

A ranar 23 ga Janairun 2025 dokar auren jinsi ta fara aiki a Tailan, ƙasar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanenta mabiya addinin Buda ne. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ɗauka addinin ne ya halatta. Maganar ta fi haka tsawo. Addinin Buda ba shi da shugaba guda da zai yanke hukunci kowa ya bi, littattafansa kuma sun taru ne a hankali cikin ɗaruruwan shekaru, na baya suna faɗin abin da na farko suka yi shiru a kai.

Buda, wanda sunansa na yanka Siddhartha Gautama, ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mabiyansa masu aure da sana'a ya bar musu alƙawura biyar, na ukunsu shi ne nisantar ɓarna a harkar jima'i. Da tsofaffin nassosin harshen Pali suka zo fayyace ɓarnar, sai suka lissafa matar wani, da wadda aka yi wa baiko, da yarinyar da ke hannun iyayenta ko danginta. Ba su ambaci namiji da namiji ko mace da mace ba.

Sufaye kuwa dokarsu daban ce. Kundin Vinaya ya hana su jima'i kowane iri, da mace ne ko da namiji, wanda ya yi kuma an kore shi har abada. A kundin ne aka hana shigar da mata-maza sufanci, da wasu da ake kira pandaka, wato mazan da ake ganin ba su cika maza ba. Labarin da aka kawo shi ne wani pandaka da ya sa rigar sufaye ya nemi 'yan uwansa sufaye da lalata suka ƙi, ya tafi wurin masu kiwon giwaye da dawakai suka amsa, suka kuma baza zancen a gari. Wanda ya karanta wurin zai ga tsoron zubewar mutunci a idon masu ba da sadaka ne ya fi damun sufayen, domin da abincin mutanen gari suke rayuwa.

Hani ga kowa da kowa daga baya ya zo. Malaman Indiya irin su Vasubandhu, wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, suka ƙara sharuɗɗa: gaɓar da ba ta dace ba, wurin da bai dace ba, lokacin da bai dace ba. Tsongkhapa, babban malamin Tibet da ya rasu a 1419, ya sa saduwar maza biyu cikin ɓarnar ƙarara. Japan ta ɗauki wata hanya. A can alaƙar sufaye da yaran da ke yi musu hidima ta zama sananniyar al'ada a wuraren bauta, har Francis Xavier, ɗan mishan ɗin da ya isa ƙasar a 1549, ya yi ta tir da ita.

Koyarwar Tsongkhapa ce ta sa Dalai Lama, jagoran mabiya addinin Buda na Tibet, a tsaka mai wuya a birnin San Francisco a 1997. Ya ce a mahangar addininsa wannan ɓarna ce, kamar yadda wasu nau'o'in saduwa suke ɓarna ko tsakanin miji da mata, amma bai yarda a tsangwami kowa ko a tauye masa haƙƙi ba. 'Yan luwaɗi da maɗigo mabiya addinin suka nemi zama da shi, aka zauna, ya nuna musu ba shi da ikon sauya nassi shi kaɗai. A 2014, a hira da ɗan jaridar Amurka Larry King, ya ce auren jinsi lamari ne na masu shi da dokar ƙasarsu.

Kafin nan wasu sun riga sun yi gaba. Mabiya ɗariƙar Jodo Shinshu a Amurka sun fara ɗaura irin wannan aure tun shekarun 1970. A Taiwan, wata sufiya mai suna Chao-hwei ta ɗaura wa mata biyu aure a 2012, shekara bakwai kafin ƙasar ta zama ta farko a Asiya da ta halatta shi. Duk da haka, a ƙasashen kudu maso gabashin Asiya mutane da yawa na ganin wannan hali alhakin zinar da mutum ya yi ne a wata rayuwa ta baya, kafin a sake haihuwarsa. Wannan fahimta takan jawo tausayi, amma tausayin da ke ɗauke da raini.

Dokokin ɗauri kuwa, inda suke, yawanci Turawan Ingila ne suka bar su. Sashe na 377 na kundin laifuffukan Indiya na 1860 shi Myanmar ta gada (daga wannan kundi, ta hanyar Sudan, Penal Code ɗin Arewacin Najeriya ya samo asali). Siri Lanka ta gaji nata sassan, 365 da 365A, daga kundin 1883. Butan ta soke hukuncin a 2021, a Siri Lanka kuma Kotun Ƙoli ta ce a 2023 ƙudurin soke shi bai saɓa wa tsarin mulki ba, ta bar wa majalisa sauran aikin.