Gashi da Wutar Lantarki a Fannin Fisiyo

Gashi da wutar lantarki reshe ne na aikin likitocin fisiyo, waɗanda Kanawa suka fi sani da likitocin gashin ƙashi. Ana manna wasu 'yan faya-fayan roba a fata, a saki wuta mai rauni wadda aka auna ƙarfinta, domin a rage ciwo ko a tayar da tsokar da ta yi sanyi. A asibiti sunan yakan haɗa har da na'urorin da lantarki ke tafiyar da su ko da ba wutar ce ke shiga jiki ba, kamar na'urar sauti, na'urar gajeren zango, jar fitila da leza. An fi amfani da shi ga ciwon baya, wuya, kafaɗa da gwiwa, da targaɗe, da farfaɗo da gaɓa bayan karaya ko tiyata. Matsayinsa a wurin masana na mataimaki ne: yana sassauta ciwo har majiyyaci ya iya motsa jiki, motsa jikin kuwa shi ne ginshiƙin magani.

Asali

Tun kafin a san waya da batir, mutane sun lura da kifayen da ke jan mutum idan ya taɓa su, irin minjiryar da masuntan ƙasar Hausa suka sani. A tsakiyar ƙarni na farko na miladiyya, wani likitan Rumawa mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wani kifin teku mai wuta a kan mai ciwon kai, ko a sa mai ciwon gaɓar ƙafa ya taka shi har wurin ya yi sanyi. A 1791 Luigi Galvani na Italiya ya wallafa gwajinsa na ƙafar kwaɗo, wadda ke zabura idan wuta ta taɓa jijiyarta. A 1831 Michael Faraday na Ingila ya gano yadda ake samar da wuta daga maganaɗisu, sannan likitan Faransa Guillaume Duchenne ya yi amfani da irin wannan wuta yana motsa tsokoki ɗaya bayan ɗaya, ya kuma fitar da littafinsa a kan haka a 1855.

Daga baya 'yan damfara suka cika fagen da ɗamarar lantarki da akwatunan da wai ke warkar da kowace cuta, har likitoci da yawa suka juya wa hanyar baya. Abin da ya dawo mata da daraja shi ne bayanin da Ronald Melzack da Patrick Wall suka buga a mujallar Science a 1965, wanda ya haifar da TENS, ƙaramar na'urar da ke motsa jijiya da wuta ta cikin fata don rage ciwo, a shekarun 1970.

Yadda wuta ke rage ciwo

Ciwo saƙo ne da siraran jijiyoyi ke ɗauka daga wurin rauni zuwa laka, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai kuma wasu jijiyoyi masu kauri da sauri waɗanda ke ɗaukar saƙon taɓawa da shafa da girgiza. Melzack da Wall suka ce a cikin laka akwai wata mashiga da duk waɗannan saƙonni ke bi, kamar ƙofar ganuwa ranar hawan salla: idan ayarin saƙon taɓawa ya cika ta, saƙon ciwo ba ya samun wucewa yadda ya so. Shi ya sa wanda ya buge gwiwar hannu yakan yi maza ya murza wurin, ya kuma ji sauƙi.

Na'urar TENS wannan aikin take yi. Idan aka saita ta tana harba wuta kamar sau 80 zuwa 100 a daƙiƙa ɗaya, majiyyaci zai ji tsirr-tsirr mai ƙarfi amma marar zafi, sauƙin yakan zo da wuri, yakan kuma gushe ba da daɗewa ba bayan an kashe. Idan aka rage harbin zuwa sau 2 zuwa 4 a daƙiƙa aka ƙara ƙarfi har tsoka ta riƙa zabura, sai jiki ya saki sinadaransa na kashe ciwo, dangin endofin. Wannan ya fi jinkirin kamawa. Wutar duka ba ta wuce wasu gomomin miliamfiya (ƙaramin ma'aunin ƙarfin wuta) ba, yawancin na'urorin ma batir ɗaya ke ɗauke da su.

Akwai abu biyu da ake yawan kuskurewa. Na farko ƙarfi: wutar da aka bari ƙasa-ƙasa don tsoro, har mutum bai jin ta sosai, kusan daidai take da ba a kunna ba. Na biyu sabo: bayan 'yan mintuna jiki yakan saba, dole a ɗan ƙara. Don haka ne likita ke yawan dawowa yana tambaya, "Baba, har yanzu kana jin ta?"

Tayar da tsoka

Wannan shi ne ɓangaren da fa'idarsa ta fi fitowa fili. Tsokar da ta daɗe ba ta aiki takan rame, musamman babbar tsokar gaban cinya bayan an cire filasta ko an yi tiyatar gwiwa. Kumburi da ciwo sukan hana ƙwaƙwalwa kiran tsokar, mutum ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗaga ƙafa amma cinyar ta ƙi amsawa. A nan ake manna faya-fayan a kan tsokar a saki wutar da za ta ɗaure ta na 'yan daƙiƙoƙi, ta sake ta ta huta, ta sake ɗaurewa. Sharaɗin shi ne majiyyaci ya riƙa matse tsokar da kansa daidai lokacin da wutar ta shigo. Wanda ya kwanta ya bar wa na'ura aikin ya rage wa kansa riba.

Ga masu shanyewar ɓarin jiki da ƙafa ke jan ƙasa, akwai na'urar da ke harba wuta ga jijiyar da ke gefen gwiwa duk lokacin da diddige ya bar ƙasa, sai tafin ya ɗago. Wani likita mai suna Liberson da abokan aikinsa ne suka fara bayyana ta a 1961. Idan kuwa jijiyar kanta ce ta lalace, kamar yaron da allurar ɗuwawu ta taɓa wa babbar jijiyar ƙafa, lamarin daban ne. Jijiya tana tsirowa ne kimanin milimita ɗaya a rana, kuma masana sun yi saɓani a kan ko wuta tana da amfani a wannan jira. Iyaye sun cancanci a faɗa musu haka a fili, a kuma nuna musu miƙar gaɓar da takalmin tallafi, waɗanda ke hana ƙafar sanƙarewa.

Sauran na'urori

IFT, wadda Hans Nemec na Ostiriya ya ƙirƙiro a shekarun 1950, tana haɗa wuta biyu masu bugu kusan 4,000 a daƙiƙa su yi karo a cikin nama, don a kai ga wuri mai zurfi ba tare da cizon fata ba. Na'urar sauti kuwa dangin ta hoton ciki ce, amma ba ta ɗaukar hoto: tana aika girgiza miliyan 1 ko miliyan 3 a daƙiƙa ta cikin man jel, ta farkon ta fi nitsewa, ta biyun ta nama na kusa da fata ce. Ba a tsayar da kan na'urar wuri guda, zagayawa ake yi. Na'urar gajeren zango tana aiki a megahaz 27.12, wato bugu miliyan 27.12 a daƙiƙa, tana ɗumama nama daga ciki. Jar fitila fata kawai take ɗumamawa.

Abin da bincike ya nuna

A nan ake buƙatar gaskiya. Wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 381, wanda mujallar BMJ Open ta buga a 2022, ya samu cewa TENS tana rage ciwo lokacin da ake amfani da ita da jim kaɗan bayan haka, fiye da na'urar bogi, kuma ba ta da mummunar illa. Amma sauƙin sa'a guda daban, warkewa daban. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jiyya a Birtaniya, a jagoranta na ciwon baya na 2016, ta ce kada a bayar da TENS ko IFT ko na'urar sauti, ta kuma maimaita irin wannan matsaya ga ciwon zaizayewar gaɓɓai a 2022 saboda ƙarancin hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020, ta fitar da jagora a Disambar 2023 da ke cewa kada TENS da na'urar sauti su zama maganin yau da kullum ga daɗaɗɗen ciwon baya. Abin da ta goyi baya shi ne ilimantar da majiyyaci, motsa jiki mai tsari da wasu ayyukan hannu kamar tausa.

Inda ba a sa wuta

Ba a sa ta ga mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya, ba a sa ta a ciki ko ƙugun mai juna biyu sai da umarnin likita, ba a sa ta a gaban wuya, ko ido, ko a ratsa ƙirji da ita. Haka nan a kan gyambo, a kan ƙarin daji, ko ƙafar da jini ya daskare a jijiyarta. Mai farfaɗiya ba a kai masa ita kai da wuya. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi dole ya faɗa kafin a kusanto shi da gajeren zango. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu da ji zai iya ƙonewa a ƙarƙashin fitila bai sani ba, shi ya sa ake gwada jin zafi da sanyi kafin a fara.

Haɗarin da ya fi waɗannan shi ne a lulluɓe ciwon da ke nuna babbar cuta. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi, rama, gumin dare, mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari yana iya zama tarin fuka na ƙashin baya ko matsewar jijiyoyin laka. Ciwon ƙugu ga mai sikila kuma yana iya zama mutuwar kan ƙashin cinya. Waɗannan hoto da gwaji suke buƙata cikin gaggawa.

A Kano

Aikin fisiyo ya shigo Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan kuma ta fara digirinsa a 1966. A Kano akwai sashen fisiyo a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Murtala, Jami'ar Bayero kuma tana horar da masu wannan sana'a. Hukumar MRTB, wadda dokar 1988 ta kafa, ita ce ke yi musu rajista.

Masu zuwa da ciwon baya da wuya sun haɗa da 'yan dakon kasuwannin Dawanau da Singa, direbobin adaidaita sahu, teloli, da ma'aikatan da ke wuni a kujera. Da yawa sai sun biya ta wurin mai ɗori ko wanzami kafin su iso, kuma da yake al'ada ta san gashi, ƙaho da sakiya, majiyyaci yakan zo da tsammanin a yi masa wani abu a jiki. Idan aka koya masa motsa jiki kawai, sai ka ji ya ce yau ba a yi masa gashi ba. Wannan tsammani yana matsa wa likita ya kunna na'ura ko da ba ita ce buƙata ba, kuma abin takaici ne mutum ya yi watanni yana biyan kuɗin mota da na zama alhali abin da zai taimake shi yana iya yin sa a kan tabarmarsa. Akwai kuma ƙananan na'urori masu araha da ake tallatawa a kasuwa da intanet da sunan suna tsotse cuta ko narkar da teɓa, abin da wuta ba ta yi.

Yanayin garin ma yana shiga cikin aikin. Da hunturu fata takan bushe ta tsattsage, wuta ta riƙa cizo, basilin da aka shafa kuma ya hana faya-fayan kamawa, don haka sai an wanke wurin da ruwa da sabulu. Da bazara gumi ne ke ɓamɓare su. Yawan ɗaukewar wuta ya sa na'urori masu batir suka fi manyan amfani a ƙananan asibitoci. Zama ɗaya yakan ɗauki minti 20 zuwa 30 a bayan labule, kuma mace tana iya neman mace 'yar'uwarta ta duba ta inda akwai ma'aikaciyar.