Tikitin kamfani ɗaya, jirgin wani kamfani: me matuƙan jirgin sama ke karewa?

Mu a Kebbi, mafi yawanmu lokacin aikin Hajji ne muke ganin babban jirgi kurkusa, a filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi. Da wuya ka ji wani ya tambayi wanda ke zaune a kujerar tuƙi, ko wane kamfani ke biyansa. Amma a kan wannan tambayar ce ƙungiyoyin matuƙa a ƙasashen waje ke shafe shekaru suna ja da kamfanoninsu.

Wane irin haɗin gwiwa ne kamfanonin jirage ke yi?

Mataki-mataki ne. Mafi sauƙinsa shi ne kamfani ya sayar maka da tikiti da sunansa da lambar tafiyarsa, amma jirgin da za ka hau na abokin hulɗarsa ne. Wanda ya taɓa hawa mota daga Birnin Kebbi zuwa Kano aka juye shi cikin wata motar a Gusau ya san abin: kuɗinka na hannun direban farko, na biyu ne ya kai ka. Sai manyan ƙawance uku na duniya: Star Alliance da aka kafa a 1997, Oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000.

Mafi zurfi shi ne inda kamfanoni biyu ko uku za su zuba kuɗin da suka samu a kan wata hanya cikin asusu ɗaya su raba. Delta ta Amurka, wadda ke zuwa Legas daga Atlanta tun 2007, tana da irin wannan tsari da Air France da KLM da Virgin Atlantic a hanyoyin Turai, da Korean Air a hanyoyin Asiya, da LATAM a Kudancin Amurka. Har ma ta mallaki kashi 49 cikin 100 na Virgin Atlantic.

To mene ne abin damuwa a nan? Ai kamfanin na samun riba.

Kamfanin kam yana samu, kuma nan matsalar take. Da zarar kuɗi ya zama na asusu ɗaya, bai dami shugaban kamfani jirgin wa ya tashi ba, rabonsa na zuwa. Shi kuwa matuƙi aikinsa da albashinsa sun dogara ne da tashin jiragen kamfaninsa.

A Amurka albashin matuƙi ya danganta da girman jirgi da kujerar da yake kai. Kyaftin na manyan jiragen nan masu ƙetare teku shi ne a ƙoli. Ana hawa ne bi da bi, gwargwadon ranar da aka ɗauke ka aiki. Idan kamfani ya sayi babban jirgi ɗaya, wasu za su hau sama, na bayansu su cike gurbinsu, har a kai ga ɗaukar sabon matuƙi. Idan kuma aka bar wa abokin hulɗa hanyar, layin gaba ɗaya ya tsaya cak. Ba kuma za ka ce bari in bi aikin can ba, domin wanda ya sauya kamfani daga ƙasan layi yake sake farawa, ko da ya yi shekara 20 yana tuƙi. Shi ya sa dattawan matuƙa kan ce ƙarin albashi ba ya amfanar wanda aka ɗauke wa jirgi.

Me ƙungiyoyin ke rubutawa a yarjejeniya?

Suna sa wani babi na musamman da ke fayyace aikin da dole 'ya'yan ƙungiya ne za su yi shi. A cikin gida, manyan kamfanonin Amurka ba sa iya ba ƙananan kamfanoni kwangilar tuƙa jirgin da ya wuce kujera 76. A tafiye-tafiyen ƙetare kuma lissafin sa'o'in tashi ake yi: nawa jiragenmu suka yi, nawa na abokan hulɗa suka yi.

Misali mafi kusa shi ne na matuƙan Delta, 'yan ALPA, babbar ƙungiyar matuƙan jirgin sama a Amurka wadda aka kafa tun 1931. A watan Maris na 2023 suka amince da sabuwar yarjejeniya mai ƙarin albashi da jimillarsa ta kai kashi 34 cikin 100. Amma maganar tafiye-tafiyen ƙetare takarda daban suka yi mata, aka kaɗa mata ƙuri'a daban. Gundarinta shi ne idan abokan hulɗa sun ƙara zirga-zirga da manyan jirage, dole Delta ma ta ƙara nata. A ganina wannan takarda ta fi ƙarin albashin nauyi, ko da yake albashin ne jaridu suka fi yayatawa.

Ba za su tafi yajin aiki ba kawai?

A Amurka ba a tashi a tafi haka nan. Dokar ƙwadago ta jiragen ƙasa ta 1926, wadda aka shigar da jiragen sama cikinta a 1936, ta wajabta shiga tsakani na hukumar gwamnati, sannan a jira kwana 30 bayan an kasa sasantawa. Matuƙan Delta sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da yajin aiki a watan Oktoba na 2022, amma ba a kai ga yin sa ba.

Kamfanonin fa, ba su da hujja?

Suna da ita. Babu kamfanin da zai iya zuwa kowane gari, kuma fasinjan da abokin hulɗa ya kawo daga wata ƙasa shi ke cika jiragen cikin gida. Su kansu matuƙan ba su ce a rushe haɗin gwiwa ba. Rabonsu suke so a rubuta.

Ina ruwan ɗan Kebbi da wannan?

Da ruwansa. A 2024 daga Birnin Kebbi jirgin farko na maniyyatan Najeriya ya tashi, kuma na Flynas ne, kamfanin Saudiyya, domin yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta ba Saudiyya kaso a jigilar alhazai. Kamfanoninmu na gida ma sukan yi hayar jirgi daga waje tare da matuƙansa da ma'aikatansa, musamman a lokacin Hajji. Sunan kamfanin namu ne, aikin na wasu ne.

Haka cece-kucen Nigeria Air, kamfanin jirgin sama da gwamnatin tarayya ta so kafawa, inda aka shirya ba Ethiopian Airlines kashi 49 cikin 100, har kamfanonin cikin gida suka garzaya kotu, kotun ta soke shirin a 2024. An yi ta magana a kan hannun jari da sunan ƙasa, amma ba a cika jin wanda ya tsaya a kan cewa kujerun tuƙi nawa ne za su zama na 'yan Najeriya ba.

Iyayen da suka sayar da shinkafa ko gona suka kai yaro Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgi ta Zariya sun san ciwon abin. Yaro ya fito da lasisi, amma kamfani na neman wanda ya ƙware a kan wani nau'in jirgi kuma ya tara sa'o'i, shi kuwa babu inda zai tara su.

Akwai mai yi musu magana a nan?

Akwai NAAPE, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgin sama ta ƙasa. Sai dai ƙarfinta bai kai na ALPA ba, don kamfanoninmu ƙanana ne kuma ba sa daɗewa. Nigeria Airways da kanta ta durƙushe a 2003. Saboda haka a nan ba kamfani kaɗai za a tunkara ba, har da gwamnati. Lokacin da hukumar alhazai NAHCON ke tantance kamfanonin jigila, da lokacin da ma'aikatar sufurin jiragen sama ke sa hannu a yarjejeniya da wata ƙasa, nan ne ya kamata a rubuta adadin matuƙanmu da za a ɗauka ko a horar. 'Yan majalisarmu na Kebbi da ke Abuja na da damar su nemi a nuna musu waɗannan takardu.