Me ake nufi da "gyare-gyare da buɗe ƙofa" a ƙasar Sin?

Mai bibiyar labaran Sin ya sha jin wannan furuci. Sunan manufar da kwamitin tsakiya na jam'iyyar kwaminis ya amince da ita ne a Disambar 1978, shekara biyu bayan rasuwar shugaba Mao Zedong, lokacin da Deng Xiaoping ya kama ragama. Tana nufin gwamnati ta sassauta riƙon da ta yi wa tattalin arziki a gida, ta kuma bar jari da fasahar ƙetare su shigo.

A gona aka fara. Kafin nan gandun gama-gari ake nomawa, mai himma da malalaci rabonsu kusan ɗaya. A ƙauyen Xiaogang na lardin Anhui, manoma 18 da yunwa ta ishe su suka dangwala yatsa a wata takarda a ɓoye, suka raba gandun gida-gida, da alkawarin riƙe 'ya'yan duk wanda aka ɗaure saboda haka. Da gonakin suka yi albarka sai hukuma ta kau da kai, daga baya ma ta yaɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya: ka ba gwamnati kasonta, ragowar ka ci ko ka kai kasuwa. Sai dai filin bai zama mallakinka ba, har gobe.

A 1980 aka keɓe yankunan tattalin arziki na musamman a garuruwan Shenzhen da Zhuhai da Shantou da Xiamen, aka yi wa masu zuba jari rangwamen haraji. Shenzhen, maƙwabciyar Hong Kong, a nan aka kafa kamfanin fasahar sadarwa na Huawei a 1987, kuma can ne hedkwatar kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno da Itel da suka cika kasuwanninmu. Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ta wuce Japan a girman tattalin arziki a 2010.

Wasu na cewa ai jari-hujja kawai Sin ta runguma. A ganina sun yi gaggawa. Manyan bankuna da man fetur da lantarki da jiragen ƙasa duk suna hannun gwamnati. Talaka kuma ya ɗanɗana kuɗarsa: a ƙarshen shekarun 1990 miliyoyin ma'aikatan masana'antun gwamnati suka rasa aiki. Ƙofar siyasa kuwa ba a buɗe ta ba. Masu zanga-zangar dandalin Tiananmen na birnin Beijing da suka nemi hakan a 1989, sojoji aka tura musu.